Iska da Kashin Ƙarfe: Waiwaye a Kan Tarihin Tace Ƙarfe a Turai

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda masana suka shawo kan abubuwa biyu da suka daɗe suna ɓata tataccen ƙarfe, wato iskar oksijin da kuma dattin da ke tasowa a kan narkakken ƙarfe. An zaɓi kiran wannan datti kashin ƙarfe, domin kalmar ta fi kusa da bakin maƙera.

A shekarar 1856 ne Henry Bessemer ya gabatar da dabararsa a garin Cheltenham na Ingila. Dabarar ita ce a hura iska ta ƙarƙashin tukunya mai ɗauke da narkakken ɗanyen ƙarfe, oksijin ya ƙone sinadarin kabon da ya yi yawa, aikin kwanaki ya kammala cikin kimanin minti 20. Sai dai murna ta koma ciki, domin waɗanda suka sayi izinin amfani da dabarar sun riƙa samun ƙarfe mai tsagewa a ƙarƙashin guduma. Dalili na farko shi ne oksijin da ke saura a cikin ƙarfen. Robert Mushet ya magance wannan ta hanyar zuba wani ƙarfe mai manganis da kabon bayan an gama hurawa: manganis ya kama oksijin ya tafi da shi cikin kashin, kabon kuma ya mayar da ƙwarin da ake bukata. Mushet bai ci moriyar wahalarsa ba, don haƙƙin mallakarsa ya faɗi saboda rashin biyan kuɗin hatimi.

Dalili na biyu, wato fosfaras, ya fi wuya, har ya ɗauki fiye da shekara 20. Mafi yawan tamar Turai na ɗauke da shi, shafen cikin tukunyar Bessemer kuwa na yashi ne, kashin da ke samuwa a cikinta ba ya iya riƙe fosfaras. Wanda ya warware matsalar akawun kotu ne a Landan, Sidney Gilchrist Thomas, mai karatun kimiyya da dare. Shi da ɗan'uwansa Percy Gilchrist suka yi gwaji a Blaenavon ta ƙasar Wales, suka shafe tukunya da dutsen dolomait, suka kuma zuba farar ƙasa a cikin narkakken ƙarfen. Da haka kashin ya tsotse fosfaras. Lokacin da Thomas ya sanar da haka a 1878 manyan masana ba su kula shi ba, sai da aka gwada a Middlesbrough a 1879. A ganin marubucin, nan ne tunani ya juya, domin daga ranar kashin ƙarfe ya tashi daga shara ya zama abin da ake haɗawa da gangan. Har niƙa shi aka riƙa yi ana sayar wa manoma a matsayin taki. Jamus, mai riƙe da tamar Loren tun 1871, ta fi Ingila cin riba. Thomas kuwa ya rasu a 1885 yana da shekara 34.

Saura naitirojin da ke cikin iska, wanda shi ma yake sa ƙarfe gautsi. Bayan gwajin Robert Durrer a Suwizalan a 1948, masana'antun Linz da Donawitz na Ostiriya suka fara hura zallan oksijin ta saman tukunya a 1952 da 1953. Matsalar fosfaras kuwa ta biyo mu har gida: yawansa a tamar Agbaja na cikin dalilan da suka sa aka dogara da tamar Itakpe wajen tsara masana'antar Ajaokuta.