Daga Baitulmali Zuwa Karo-karon Taransifoma

A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka kunna wutar lantarki a birnin Katsina, kuma hukumar En'e ce ta sayi injin da kuɗin Baitulmali. Kano ta riga ta, ƙarƙashin Sarki Abdullahi Bayero, da tashar Challawa wadda ta haɗa aikin ruwan famfo da na wuta. Wato harajin da dagatai suka tattaro da jangalin shanu su ne jarin farko na lantarki a waɗannan birane. A 1951 hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, ta karɓe waɗannan tashoshi. A 1972 aka haɗe ta da hukumar madatsar Kainji aka haifi NEPA, a 2005 ta koma PHCN, a 2013 kuma aka sayar da sashen rarrabawa, Katsina da Kano da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Kowane sauyi ya ƙara nesanta mai wuta da mai shan ta, kuma wannan tazara ce tushen yawancin koke-kokenmu.

A duba abin da ke faruwa idan taransifoma ta ƙone a gari irin Kankia ko Kusada. A kan taru a ƙofar gidan mai unguwa, a yanka wa kowane gida abin da zai bayar, mai injin niƙa da mai walda su ɗauki kaso mafi tsoka domin su ne abincinsu ya tsaya. A sayo sabuwa, a biya masu ɗaurawa, ranar da aka jona ta da layi ta tashi daga hannun waɗanda suka saye ta, ƙarshen wata kuma ga bil na ƙiyasi. Jama'a sun ɗauki nauyin mai kaya ba tare da haƙƙin mai kaya ba: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da a ce ƙungiyar gari ce ke da wayar da turakun, rarar da aka samu a gyara za ta tafi, kuma ma'ajin mutum ne da ake haɗuwa da shi a masallaci.

Wani zai ce ai En'e ba jama'a ba ce. Gaskiya ne. Manomin ƙauye ya biya haraji, fitila ta haska birni, shi yana kwana da aci-balbal, kuma ba shi da bakin tambayar lissafi. Sai dai wannan yana nuna abin da ya kamata a gyara ne: mallaka ta kusa tana buƙatar shugabannin da aka zaɓa, da mita a kowane gida, da littafin kuɗi da za a karanta a bainar jama'a. Wani kuma zai ce ƙauye ba shi da jari ko injiniyoyi. Haka aka ce da manoman Amurka a 1935, lokacin da gona ɗaya cikin goma ce ke da wuta, kamfanoni kuma suna ganin ja musu waya asara ce. Gwamnati ta ba ƙungiyoyinsu na gama-kai rance mai sauƙi, cikin shekaru ashirin wuta ta kai kusan kowace gona. Mutanenmu da suka san gayya da adashi, suke kuma riƙe da kwamitin rijiyar burtsatse, ba za a koya musu haɗa kai ba. Rance da horo suke nema.

Yau farantan sola sun yi arahar da gari guda zai iya kafa ƙaramar tasharsa, dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwarsu, bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka fara a 2020 kuma zai kawo tambaya iri ɗaya: wa zai mallaki reshen da zai shiga gari? Idan dai jama'a za su ci gaba da karo-karo, to a rubuta sunansu a takardar mallakar abin da suka saya.