Yaran da Ba Su Shiga Lissafi Ba: Nazari kan Gudun Hijira a Kwarin Rima

Tun da yaƙi ya ɓarke a Siriya a 2011, duniya ta san inda yawancin yaran da suka tsere suka fake. An buɗe sansanin Za'atari a Jodan a 2012, aka yi musu rajista, a 2013 kuma UNICEF da abokan aikinta suka ƙaddamar da shiri don kada zuriya guda ta tashi ba karatu. Abin da yaran ke fata shi ne tsaro, da makaranta, da komawa gida.

Fatan yaran Kebbi ma ke nan, sai dai ba a jin muryarsu. A Yunin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. A Nuwamban 2024 mayaƙan ƙungiyar Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera, ƙaramar hukumar Augie, cikin masarautar Argungu. Idan ƙauye ya tashi, iyalai kan nufi gari irin Argungu ko Birnin Kebbi, su raɓa a gidajen dangi.

Dalilai biyu ke ɓoye waɗannan yara. Na farko doka ce. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta shafi wanda ya tsallake iyaka ne, shi ya sa mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka shiga Maradi a Nijar tun 2019 suka sami rajistar hukumar 'yan gudun hijira ta UNHCR da matsuguni a Garin Kaka da Chadakori. Wanda bai bar ƙasarsa ba nauyinsa na wuyan gwamnatinsa, kamar yadda Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta tanada. Tsarin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya kuwa ya daɗe da karkata ga Borno da Adamawa da Yobe.

Na biyu zumunci ne. Yana rufa asiri, amma yaron da kawunsa ya riƙa ba ya cikin kowane kundi, agaji kuwa ƙidaya yake bi. Da abinci ya yi ƙaranci, sai namiji ya faɗa bara ko aikatau a gonakin shinkafa na fadama, mace ta ɗauki talla ko a aurar da ita da wuri.

Don haka matakin farko na gwamnatin Kebbi ne da masarautun Gwandu da Argungu. Su ƙidaya yaran ta hannun hakimai da masu unguwanni, su sama musu gurbi a makarantu, su tallafa wa gidajen da suka karɓe su. Ƙasashen duniya ba za su agaza wa yaron da mu kanmu ba mu rubuta sunansa ba.