Ƙidaya, Jinsiyya da Layin Da'ira: Yadda Ake Raba Kujerun Majalisa a Sudan

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci rabon gado ya san cewa kafin a taɓa dukiya sai an amsa tambaya biyu: su wa ke cikin magada, kuma gida nawa za a kasa? Haka rabon kujerun majalisa yake, kuma tarihinmu a ƙasar nan ya ratsa ta cikin tambayoyin biyu.

A zaɓen 1953, wanda Sukumar Sen na Indiya ya shugabanci hukumarsa, majalisar wakilai tana da kujera 97. Biyar daga ciki an keɓe su ga masu ilimin boko, watau hirrijin, sauran 92 kuwa na da'irorin ƙasa ne. Jam'iyyar Isma'il al-Azhari ta ci fiye da rabi, shi ya karɓi 'yancin kai ranar 1 ga Janairun 1956.

To, a wancan lokaci wa ake kira ɗan Sudan? Dokar 1948, da dokar jinsiyya ta 1957 da ta biyo bayanta, sun kafa iyaka a ranar 31 ga Disamban 1897: sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun daga ranar. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya iso bakin Shuɗin Nilu da jama'arsa bayan haka. Wasu iyayenmu kuma sun zo ne a hanyar Hajji, ko aikin auduga bayan an kammala madatsar Sinnar a 1925. Da yawansu sun faɗa bayan iyakar. Mai ƙidaya ya rubuta su, yawansu ya shiga lissafin kujerun yankinsu, amma samun takardar jinsiyya ya zame musu hawan dutse. Sai dokar 1994 ta matso da iyakar zuwa 1 ga Janairun 1956.

Ƙidayar farko ta 1955 zuwa 1956 ta sami mutum miliyan 10 da 'yan kai. Gwamnatin Abdullahi Halil ta sake yanka da'irori domin zaɓen 1958, ta mai da su 173, ta soke kujerun hirrijin. In aka raba jama'ar, kowace kujera ta tashi a kan mutum kusan 60,000. Karkara, inda jam'iyyar Umma ke da ƙarfi, ta ƙaru da kujeru. Umma ta sami 63, jam'iyyar Azhari, wadda ta riga ta rabe biyu, ta koma wajen rubu'in majalisa.

A 1986 kujerun hirrijin sun kai 28 cikin 301. Mai digiri yana da ƙuri'a biyu, manomi yana da ɗaya. Jam'iyyar Hasan al-Turabi ta kwashe 23 daga cikin 28 ɗin, kusan rabin kujeru 51 da ta samu gaba ɗaya.

Dokar zaɓe ta 2008 ta fito da lissafin a fili. Kujeru 450: 270 na da'irori, 112 na jerin mata, 68 na jerin jam'iyyu. Ƙidayar shekarar ta ba da mutum miliyan 39 da ɗoriya. A raba su gida 270, kowace da'ira ta tashi a kan kimanin 145,000. Wilayarmu ta Sinnar, mai mutum kimanin miliyan 1 da dubu 285, rabonta ya kama kusan kujera tara. Dokar ta yarda da'ira ta haura ko ta gaza wannan ma'auni da kashi 15 cikin ɗari, watau daga wajen 123,000 zuwa 167,000. Tsakanin iyakokin nan akwai mutum fiye da dubu arba'in, kuma a nan hannun mai zana layi yake samun wurin motsi.

Mu buga misali. A ce ƙauyukan wata jama'a da ke jere a bakin kogi suna da mutum 60,000. In suka faɗa da'ira guda, sun haura kashi 40 cikin ɗari, babu ɗan takarar da zai wuce su bai tsaya ba. In aka yanka su gida uku, dubu ashirin-ashirin, kowane yanki bai kai kashi 14 ba. Ba a hana kowa jefa ƙuri'a ba, amma an tsinke tsintsiya, kuma sili ɗaya ba ya shara. Mu da muke zaune ƙauye-ƙauye daga Mai Wurno zuwa Singa da Abu Hujar, wannan lissafi ya shafe mu kai tsaye.

Tun 2008 ba a sake ƙidaya ba. Kudu ta ɓalle a 2011, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya tarwatsa miliyoyin mutane. Duk ranar da zaman lafiya ya dawo, za a sake ƙirga, a sake zana layi. Saboda haka kowane magidanci ya adana lambar ƙasa ta iyalinsa, mata da yara duka. Kada a ɓoye kowa ranar ƙidaya. Kuma idan hukumar zaɓe ta fitar da taswirar da'irori, dattawanmu su karanta ta ƙauye bayan ƙauye kafin wa'adin ƙorafi ya cika. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, amin.