Inda aka yi yaƙi a da, yau me ke wurin?

Ƴan ajin yaƙi da jahilci na Magarya da Dungas, barkanku da ƙoƙari. Yau hirarmu ta tarihi ce. Ku kawo alli da allo kusa, akwai shekarun da za ku rubuta.

A zamanin kakanninmu, Dungas da Wacha da Mirya su ne ƙasashen Sosebaki. Da Damagaram ta yi ƙarfi, sai suka koma ƙarƙashinta. Sarkin da ya fi ɗaukaka ta shi ne Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Shi ya kewaye Birnin Zinder da babbar ganuwa ta ƙasa. A zamaninsa har igwa maƙera suke zubawa a cikin garin. Ku dubi wannan da kyau: igwa, ta hannun maƙeranmu.

A watan Afrilu na 1898 wani hafsan Faransa mai suna Kazamaju ya sauka Zinder. Sarki Amadu Kuran Daga ya yi tsoron baƙon zai haɗa kai da Rabe, wanda ya ci Barno. Aka kashe Kazamaju da tafintansa. Bayan shekara guda, rundunar da Bule da Shanuwan suka taso da ita daga yamma, wadda ta ƙone Birnin Ƙonni, ta doso gabas. Kafin ta iso, sojojinta sun harbe shugabannin nan biyu a wajen Maijirgi. Sauran suka ci gaba.

A ƙarshen watan Yuli na 1899 aka gamu a Tirmini, yamma da Zinder. Damagarawa suna da dawakai da yawa, da masu, da kibau, da bindigogin toka. Amma mai bindigar toka sai ya tsaya ya ɗura, shi kuwa sojan Nasara yana ta harbi daga nesa. Doki bai kai wurinsa ba. Aka ci Damagaram a yini ɗaya. Sarki ya bar gari, aka bi shi aka kashe a watan Satumba.

To, yau fa? Duk wanda ya shiga mota daga Zinder zuwa Maradi, ta Tirmini zai wuce. Kwalta ce, da ƴan tallan bakin hanya, da gonakin hatsi. Ni kaina na sha wucewa ina gyangyaɗi, kafin na san inda nake takawa. Ganuwar Tanimu kuwa ruwan damina ya cinye mafi yawanta, sai guntaye nan da can. Ginin ƙasa haka yake: in an daina yi masa yaɓe, ya koma inda ya fito. Fadar sarki dai tana nan cikin Birni, ana zaman fada. Barikin da Faransawa suka gina bisa dutse shi ma yana nan.

A Jamus an yi wani abu dabam. A watan Fabrairu na 1945 jiragen yaƙi suka rushe birnin Diresdan. Wata babbar majami'a ta faɗi, aka bar tarin duwatsunta shekaru da yawa don mutane su gani. Daga baya aka sāke gina ta, aka buɗe a 2005. Tsofaffin duwatsun baƙaƙe ne, sababbin farare, kowa yana iya rarrabewa. Su da dutse suka yi gini, kuma suna da hotuna. Mu namu yana bakin tsofaffi.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Kowa ya je wurin dattijon garinsu, ya tambaye shi: Baba, ina ganuwar garin nan ta bi? Ina ƙofa take? Ku rubuta amsarsa cikin layi uku, da sunan garin a sama. Ku kai wa malamin ajinku ran karatu mai zuwa.