Tukunyar Zango: Yadda Aka Ciyar da Baƙo, Aka Riƙe Yaro a Kumasi

 

'Yan'uwa da ɗalibanmu na makaranta, duk shekara idan azumi ya ƙarato sai a ga buhunan shinkafa da sukari suna sauka a ƙofar masallatai, daga Aboabo har Sawaba, ana kiran sunaye ana rabawa. Yara da yawa sun ɗauka ƙungiyoyin zamani ne suka kawo wannan abu, da motocinsu masu rubutu a jiki. Alhali ciyarwa ta girmi ƙungiya a Zango, ta ma girmi masallatan da muke sallah a cikinsu. Ya kamata mu san yadda kakanninmu suka tsara ta, domin tsarin nasu yana sukurkucewa a hannunmu, kuma wanda muke ƙoƙarin maye gurbinsa da shi bai gama tsayuwa ba.

Kalmar zango kanta ma'anarta wurin da ayari yake sauka ya kwana. A ƙarni na 19 fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su iso Gwanja. Babbar kasuwarsu ita ce Salaga, inda suke sayen goron da ake kawowa daga kurmin Tonawa. Kada mu ɓoye, har bayi an sayar a wannan kasuwa. A Kumasi kuwa akwai Musulmi tun kafin wannan, malamai da marubuta a fadar sarkin Tonawa. Turawan Ingila biyu, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun same su a nan, sun kuma rubuta labarin shugabansu, Muhammadu al-Gamba, wanda ake kira Baba. Amma Zangon da muka sani ya kafu ne daga baya. Yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwarta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa. Turawa suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya a 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903. Daga nan hanya ta buɗe. Hausawa, Mosawa, Dagombawa, Wangarawa, Zabarmawa, Fulani, Yarbawa, Kotokoli, kowa ya kwararo, wasu don goro da shanu, wasu don ƙwadago a gonakin koko da ramukan zinariya.

To, mutumin da ya sauka a garin da ba shi da gona, ba shi da dangi, bai jin Tonanci, wa zai ba shi tuwon dare?

Amsar ita ce maigida. A bakin fatake, maigida shi ne mai masauki. Baƙo zai zo da shanunsa ko kuɗin goronsa ya sauka a gidansa. Maigida zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa dukiya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi kayansa bashi. Ba a karɓar kuɗin ɗaki, ba a karɓar kuɗin abinci. Ribar maigida tana cikin la'adar ciniki. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta yi rubutu a kan wannan tsari a 1966, ta kuma haɗa da bayanin mahautan Kumasi. Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne tukunyar wannan gida. Tun da ba a san baƙi nawa za su sauka yau ba, ba a auna girki da yawan 'yan gida. Kullum akwai rara. Wannan rarar ita ce almajiri yake ci, ita ce ake kai wa tsohon da ƙarfinsa ya ƙare bai koma gida ba, ita ce ake aika wa matar da mijinta ya tafi kurmi bai aiko komai ba.

Sunan maigida ake ji, amma uwargida ce take tsaye a kan wuta. Ita ta san kwano nawa ke fita, ita ta san gidan da hayaƙi bai tashi ba tun jiya. Littattafan tarihi sun cika da sunayen sarakunan Zango, irin su Malam Sallau Bakatsine da ya riƙe sarauta a shekarun 1920 da Alhaji Amadu Baba bayansa. Matan da suka tuƙa tuwon da ya riƙe garin kuwa, sai dai a ji sunayensu a bakin jikokinsu. Allah Ya saka musu.

Kada mu mai da abin tatsuniya. Akwai neman lada a ciki, akwai kuma neman suna da neman jama'a, domin maigidan da ya fi yara shi ya fi faɗa a ji. Wanda bai da maigida yakan sha wuya. Talauci ba baƙo ba ne a zangunan wancan lokaci. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, har waƙa ya yi a kan talauci da wadata, yana nuna yadda ake wulaƙanta marar abin hannu ko da yana da gaskiya.

Riƙon yara ma a kan wannan gida ya ginu. Gidajen Zango gidajen haya ne masu ɗakuna da yawa da tsakar gida ɗaya. Mace za ta fita da tukunyar kokonta da ƙosai tun asuba, ko ta kafa teburin wake da shinkafa a bakin titi, yaronta yana tsakar gida a idon kaka ko maƙwabciya. Ba a biya. Gobe ita ma za ta duba na wata. Sai kuma riƙo na sosai: a ba gwaggo 'yar ɗan'uwanta, a ba matar da Allah bai ba haihuwa ba yaro ta rena, a kai ɗa namiji gidan malam ya yi karatu ya ci daga tukunyar matar malam. Wata mai bincike daga Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a Zangon Kumasi a shekarun 1960, ta yi nazarin wannan riƙo, littafinta kan mutanen Zango ya fito a 1978. Baƙin da ba su da dangi a nan, ta hanyar ba da yaro da karɓar yaro suka ƙulla dangantaka sabuwa. Shi ya sa za ka ga mutum yana kiran wata "Iya" ko "Hajiyarmu", ba ƙabilarsu ɗaya ba, amma a ɗakinta ya tashi. Riƙo yana da nasa tabo, wannan gaskiya ne. An yi 'yan riƙo da suka tashi da tiren talla a ka, 'ya'yan gida suna makaranta. Amma maraya bai cika kwana a titi ba.

Sau uku aƙalla aka jijjiga wannan tsari. Na farko annobar 1924, wadda ta sa gwamnatin Turawa ta rushe tsohon zango, aka gina Sabon Zango. Na biyu dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, ranar 18 ga Nuwamba 1969, wadda ta ba duk wanda ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasa. Mutane fiye da dubu ɗari suka fita. Manyan gidaje suka watse, aka sayar da kaya a wulaƙance, aka raba yaran riƙo da waɗanda suka rene su.

Na uku shi ne 1983, kuma duk wanda ya haura shekara hamsin a cikinmu yana tuna ta. Ruwa ya ƙi sauka, wutar daji ta cinye gonakin abinci da na koko. Cikin wannan hali gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Najeriya a watan Janairu, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida, galibinsu hannu rabbana. Mutane suna bin layi su sayi dokunu ɗanye, ba su iya jira a dafa. Ƙashin wuya ya fito wa manya da yara har aka sa masa suna sarƙar Rawlings. Aka ci jar masarar agaji da aka kawo daga waje. A wannan shekara aka ga iyakar tukunyar maigida. Ita tana aiki ne muddin kasuwa tana ci. Ranar da maigida kansa ya shiga layi, babu wani rumbu na jama'a da za a buɗe. Ɗalibai, ku kwatanta da shekarar Ramada a zamanin Sayyidina Umar, wajen shekara ta 18 bayan hijira. Fari ya kama Hijaz, ƙauyawa suka cika Madina. Umar ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, ya sa aka kafa tukwane, aka naɗa masu ƙirga waɗanda suka ci da waɗanda aka kai wa gida. Shi ne kuma aka ruwaito ya ji kukan jariri da dare, ya gano uwar tana gaggauta yaye shi ne don ba a yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Sai ya mai da rabon ya fara tun ranar haihuwa. Kun ga a can akwai baitulmali da rajista. Mu a nan muna da zuciya, ba mu da littafi.

Daga shekarun 1980 zuwa yau abin ya koma hannun ƙungiyoyi da gwamnati. A 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, makarantunmu da dama suka haɗa Larabci da boko. Mata suka kafa FOMWAG a shekarun 1990, bayan 'yan'uwansu na Najeriya sun kafa FOMWAN a 1985. Shirin ciyar da 'yan makaranta na gwamnati ya fara a 2005. Musulmin majalisar dokoki suka assasa asusun zakka da sadaka a 2010, majalisa ta zartar da dokar asusun raya zanguna a 2017. Lokacin kullen korona, daga 30 ga Maris 2020, mako uku aka rufe Ankara da Kumasi, aka ga yadda mai cin hannu baka hannu ƙwarya yake shiga uku cikin kwana biyu. Duk waɗannan sun yi amfani, kuma ba a raina su ba. Amma a duba lissafi: a 2023 kuɗin da gwamnati take biya don kwanon yaro ɗaya ya tashi ne daga pesewa 97 zuwa sidi 1 da pesewa 20, kuma masu dafawa sun sha ajiye aiki saboda bashin da suke bi. Yaron da ke makarantar allo kaɗai, da wanda bai kai shiga makaranta ba, ba su cikin wannan lissafi ko kaɗan.

A ganina a nan ne giɓin yake. Gidan maigida yana ciyarwa wata goma sha biyu. Mu mun tara alherinmu a wata ɗaya, sai kuma ranar Layya, kamar yunwa tana duba kalanda. Uwargida takan aika kwano bayan magariba ba wanda ya gani, mu kuwa sai an jera zawarawa a rana an ɗauki hoto an sa a Facebook. Wallahi wannan yana hana masu kunya zuwa, kuma su ne suka fi buƙata. Tsakar gidan da take renon yara ita ma ta canja. Kaka ta rasu ko tana nata neman, maƙwabciya ta fita kasuwa, masu hali sun tashi sun yi gini a bayan gari. Je ka Kejetia da rana ka ga 'yan matan arewa masu dakon kaya, kwano a ka, goyo a baya, wani yaron yana kwance a kan kwali a gindin rumfa. Yawancinsu Musulmi ne. Su ne baƙin wannan zamani, daidai da kakanninmu da suka sauka a 1905 ba su san kowa ba, sai dai su ba su zo da shanun da zai sa wani maigida ya buɗe musu ƙofa ba.

Akwai mas'alar fiƙihu da kwamitocin masallatai suke yawan tuntuɓe a kanta, ya kamata ɗalibai su riƙe. Zakka tana da masu cinta guda takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma a mazhabar Malikiyya da muke karantawa ana ba da ita ne ga mai haƙƙi ta zama tasa, a kuma raba ta a garin da ta wajaba. Ba a gina ɗaki da ita. Saboda haka buhun masara ga gidan marayu yana iya fitowa daga zakka, amma ɗakin renon yara da tabarmi da albashin mai reno, wannan aikin sadaka ne da waƙafi. Asusu biyu ke nan, littafi biyu, kada a cakuɗa. Kano ta kafa hukumar zakka da hubusi a 2003 da sunan da ya raba abubuwan nan biyu tun daga bakin ƙofa. Mu ba mu da gwamnatin da za ta tattara mana, amma muna da abin da ya isa a fara: azuzuwan makarantar da ke kulle daga safe zuwa azahar a masallatai da yawa, da iyayenmu mata masu adashi waɗanda suka shekara talatin suna riƙe kuɗin jama'a ba a taɓa jin sisi ya ɓata ba, da magajiyoyin unguwa da suka san kowane ɗaki a layinsu. Shago ɗaya da wani bawan Allah zai tsayar waƙafi a Alabar, hayarsa tana iya sayen kokon safe na aji guda na yara daga Muharram zuwa Zulhajji. Kafin a kai ga shagon, kowane kwamiti yana iya sayen littafi mai shafi ɗari, ya ba mata biyu amintattu, su bi gida gida su rubuta inda ake da maraya, da inda ake da tsoho marar mai dafa masa, da inda uwa take kulle yaro a ɗaki ta tafi kasuwa.