Labarin Yadda Birnin Kano da Garuruwanta Suka Sake Kama

Tsofaffin ma'aikatan En'e ta Kano, 'yan kaɗan ɗin da Allah ya bari da rai, da wuya su zauna hira su tashi ba su taɓo zancen garin da suka sani ba. Sukan ce wancan gari ya tafi, wannan da ake ciki wani ne dabam ya ari sunansa. Samari kuwa in sun ji sai su yi murmushi, su ce ai haka tsofaffi suke tun fil'azal, kowa zamaninsa yake yabo. To, wanda ke son ya raba gardamar nan, sai ya fara da duban abu biyu waɗanda duk Bakano na da ya tashi ya tarar, watau ganuwa da kududdufi, domin su ne suka tsara zaman birni ɗaruruwan shekaru, kuma su ne suka fi ɓacewa.

Masu tarihi sun ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya ƙara mata faɗi, ya gina gidan sarauta da har yanzu ake kira da sunansa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Bayansa Muhammadu Nazaki ya sake ƙarawa. Sa'ad da rundunar Turawa ta ci garin ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana wajen Sakkwato, Gwamna Lugga ya ga ganuwar ya yi mamaki ƙwarai. Ya rubuta wa Ingila cewa kewayenta mil 11 ne, kaurin gindinta ƙafa 40, tsawonta a waɗansu wurare ya kai ƙafa 50, ƙofofinta kuwa 13. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofa nata. In rana ta faɗi a tura ƙyaure, wanda ya makara sai ya kwana waje, ko shi wane ne.

Amma kada a zaci duk cikin ganuwar nan gidaje ne. Baturen nan na Jamus, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta dubu 30, kuma ya tarar gidaje sun taru ne kudu da gabashin Dala, saura fili ne fetal. Da gangan magabata suka bar shi haka, don in abokan gaba sun kewaye gari a sami inda za a shuka gero da dawa, a kuma ɗaure dabbobin mutanen karkara da suka gudo. Har bayan yaƙin duniya na biyu mutum yakan fita daga Ƙofar Kabuga zuwa Goron Dutse da damina ya yi ta ratsa gonaki, alhali bai fita birni ba.

Ƙasar da aka ɗora wannan ganuwa, da wadda aka gina soraye da zauruka, ba daga nesa aka kawo ta ba. A nan gefen unguwa aka haƙa, ramin da ya saura shi ne kududdufi. Magina su kwaɓa ƙasa da ramno, su dunƙula tubali su shanya, su ja gini, su shimfiɗa azara ta giginya, su fitar da zanko a kusurwa, sa'an nan a shafe da makuba ko da laso wanda ake haɗawa da katsin marina. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka maigida ya sa a yi yaɓe, a duba indararo. In ruwa ya zuba kuwa, daga indararo ya faɗa lungu, daga lungu ya gangara kududdufi, abin da ya yi yawa ya bi Jakara ya fita gari ta gabas. Ta haka gini da rami suka riƙi juna: ba a yin ɗaya sai ɗaya ya samu. Gaskiya ne kududdufi matattarar sauro ce, kuma ba shekarar da ba ya cin yaro. Wanda ya ce zamanin nan ba shi da aibi bai yi adalci ba. Sai dai ruwan sama yana da masauki, kowa kuma ya san inda yake.

Unguwanni su ma sunayensu na faɗin asalinsu. Ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Ayagi inda Yarabawa suka zauna tun kafin zuwan Nasara, ga Dandalin Turawa. Wannan na ƙarshe yakan ruɗa yaran yanzu, domin ba su san cewa a bakin mutanen da Larabawan Tarabulus da Gadamas ake ce wa Turawa ba. Baƙo in ya sauka, fatoma ko maigidansa ya kai labari ga mai unguwa, mai unguwa ya kai gaba. Ba a kwana uku ba a san ko shi wane ne ba, da abin da ya kawo shi.

Da Turawa suka naɗa Sarki Abbas a 1903, aikin gyaran ganuwa, wanda a da ake tara talakawa su yi bayan damina, ya tsaya, tun da ba sauran yaƙi. Daga ranar ruwa da iska suka fara cinta, ba mai mayarwa. A wajejen 1908 Razdan Cargill ya yanka ƙasa gunduma gunduma, ya sa hakimai su bar birni su koma zama cikin jama'arsu maimakon aika jakadu, har aka laƙaba masa Mai Gunduma. Wannan shi ya ɗaga garuruwa irin su Dawakin Tofa inda Madaki ya zauna, da Dambatta ta Sarkin Bai, da Wudil ta Makama. Kowane ya sami gidan hakimi, da ɗakin alƙali, da malamin haraji, daga baya kuma elemantare da ɗakin shan magani. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, inda aka horar da malaman farko da suka riƙe littattafan baitulmali, da waɗanda suka bi gonaki suna awo da taki.

Jirgin ƙasa ya iso a 1911. Turawa auduga suke fata, manoman Kano kuwa suka duba inda riba take suka shuka gyaɗa. Nan da nan ciniki ya fara zamewa daga Kurmi zuwa bakin tasha da kantunan waje, aka yanka Sabon Gari domin baƙi daga kudu, Fagge da take zangon ayarin Azbinawa ta cika da 'yan kasuwa. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka zama masu sayen gyaɗa a madadin kamfanoni, aka riƙa jera buhuna dubbai har suka yi tsini, aka ce musu dala. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, mutane suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu kallo.

Zamanin da tsofaffin ma'aikata suka fi ambato shi ne na Sarki Abdullahi Bayero, Allah ya ji ƙansa, daga 1926 zuwa 1953. A lokacinsa majalisa ta tsaru: Waziri kan shari'a, Madaki kan hakimai, Galadima kan birni, Ma'aji kan kuɗi, birni kuma aka raba shi fuska huɗu, kowace da wakilinta. Da kuɗin baitulmali, watau harajin talakawa da jangalin Fulani, aka ja ruwa daga kogin Calawa aka hau da shi Goron Dutse, aka kuma kunna lantarki, aikin ya kammala a 1931. An yi Asibitin Birni, an yi makarantar Shahuci, an buɗe Makarantar Shari'a a 1934, babban masallacin Jumma'a kuwa aka sake shi da dutse da siminti, aka gama a 1951. Akwai ma'aikatar gine-gine, da ɗakin ɗab'i, da ofishin safiyo, da 'yan doka, da gidan yari, duk na En'e.

A nan akwai abin lura wanda masu begen da sukan tsallake. Hannun da ya fara huda ganuwa don amfanin zamani hannun En'e ne. Ita ta buɗe Sabuwar Ƙofa don mota, ita ta yi Ƙofar Famfo wadda sunanta ya isa shaida, ita ta fasa lunguna ta fitar da tituna. Malaman da suka yi wannan ba ɓarna suka nufa ba, kuma matar da ta huta da jan guga a rijiya mai gishiri ba za ta zarge su ba. Amma a hannunsu garin ya fara sakewa. Bambancin kawai shi ne a lokacin in an huda an san wanda ya ba da izini, in kuma wani ya tare hanyar ruwa da gini, duba-gari zai zo, mai unguwa zai amsa tambaya, kafin mako a rushe. Tsoron nan kuwa yana da ɗaci. Dattawan karkara ba su manta da dogari a bakin ƙofa lokacin haraji ba, ko aikin tilas na hanya, ko tarar da duba-gari kan ci mace don ya ga tsutsa a randa. Kukan nan ne ya haifi jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agusta 1950.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. An yi Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamna. Cikin 'yan shekaru kotuna da 'yan doka da gidajen yari suka fita daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe littafin En'e, a 1979 kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka kwashe dala, kuɗin man fetur ya ja hankalin hukuma wani wajen. Mutanen karkara suka yi ta kwararowa. Ƙidayar 1952 ta sami kimanin mutum dubu 130 a Kano da wajenta, ta 2006 kuwa ta sami fiye da miliyan biyu da rabi a ƙananan hukumomi takwas da birnin ya mamaye. Hotoro da Naibawa da Ɗorayi da Sharaɗa, waɗanda ƙauyuka ne da gonakinsu, suka zama unguwanni. Wanda ya je Gandun Albasa neman albasa, ko Rijiyar Lemo neman inuwa, sai ya komo da labari.

Bulo da kwano suka kori tubali da azara. Da aka daina ɗibar ƙasa, kududdufi ya zama ba shi da aiki a idon mutane, sai aka mai da shi juji, in ya cika a daddale a yanka filoti. Jakara aka ɗaure ta da siminti, leda ta toshe kwalbatoci. Ruwan sama kuwa bai sami labarin an sayar da masaukinsa ba, yana zuwa inda ya saba, sai ya tarar da ɗakin mutum. Ambaliyar watan Agusta 1988, wadda a cikinta madatsar Bagauda ta ɓalle, ta rushe gidaje masu yawa a birni da kewaye, kuma tun daga nan da wuya damina ta wuce ba a ji kukan wata unguwa ba. Ita ganuwa, masu gini sun ɗebi ƙasarta, waɗansu sun kafa shaguna a gindinta, waɗansu sun hau kanta sun yi gida. An sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta karɓa a 2007, amma a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Ƙyamaren waɗansu ƙofofin na can ajiye a Gidan Makama, 'yan makaranta na zuwa kallo.

Ƙananan garuruwa kuwa kowane da rabonsa. Waɗanda jirgi ya raya, irin su Madobi a hanyar Zariya, da Ringim da Gagarawa da Malam Madori a layin da ya kai Nguru a 1930, sun ga kaka irin wadda ba a mantawa: sikeli a bakin tasha, jakuna da raƙuma a layi, maroƙa da mahauta da masu tuwo kowa na samu. Da gyaɗa ta faɗi, jirgi ya yi rauni, lori ya bi kwalta ta wani gefen, sai tashoshin suka yi tsit, rumbunan kamfani suka zama maƙwancin awaki. Bebeji, wadda matafiyan farko na Turawa suka tarar babbar mashigar fatake ce, babbar hanya ta bar ta a gefe. Dutse, da take garin hakimi a ƙarƙashin Kano, ta wayi gari a 1991 hedkwatar Jihar Jigawa, da sarkinta mai sanda.

Kura ta fi su ban mamaki. Da can sunanta ya kai har Agadas da Azbin saboda baƙin rawani mai ƙyalli da ake ce wa ɗan Kura, wanda masaƙa ke saƙawa ƙyalle siriri, marina su tsoma a baba, mabuga su buga shi da shuni har ya yi walƙiya. Buzu mai ji da kansa ba ya naɗa wani in ba shi ba. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ja ruwa ta magudanai zuwa filayen Kadawa, sai jikokin marina da mabuga suka shiga fadama. Yanzu wanda ya bi hanyar Zariya da rani, abin da zai gani a Kura shi ne shinkafa shanye a bakin titi, da injinan casa, da kwandunan tumatir ana lodi zuwa Ikko. Karofi da mabuga sun ragu ƙwarai, amma ba su ƙare ba, domin har yanzu fatake daga Nijar sukan zo neman ɗan Kura.