Yadda Jirgin Ƙasa Ya Zo Zariya

Duk birnin da jirgin ƙasa ya nufa, abu na farko da masu aikin su kan duba shi ne ta inda za su shigar da shi. A Landan, babban birnin Ingila, gidaje sun matse, tituna sun cika da keken doki, har aka rasa filin shimfiɗa dogo. Don haka suka haƙa ƙarƙashin tituna, suka rufe samansa, ran 10 ga Janairu 1863 suka buɗe hanyar jirgi ta ƙarƙashin ƙasa daga Paddington zuwa Farringdon, tsawonta bai kai mil 4 ba. Ita ce ta farko irinta a duniya. Da kwal a ke jan taragunta, hayaƙi na damun fasinja, sai cikin 1890 aka haƙa wata mai zurfi wadda lantarki ke ja.

A Zariya kuwa ba a haƙa kome ba, domin fili ga shi nan har ya yi yawa. Dogo bai keta ganuwa ba, bai shiga ko ƙofa guda ba, ta waje ya bi. Amma duk da haka ya juya al'amuran birnin fiye da yadda yaƙe-yaƙe da yawa suka yi. Ga yadda abin ya gudana.

Tun zamanin da mutane ke zaune a gindin dutsen Kufena, arzikin Zazzau a kan hanya ya ke. Fatake daga Kano su kan yada zango nan kafin su wuce Nufe ko Gwanja, da jakunansu da takarkarinsu, su biya kuɗin fito, su sayi guzuri. Ayari ta ƙofa ya ke shiga, ta ƙofa ya ke fita, saboda haka duk ribar da ya kawo cikin birni ta ke zama.

Da Turawa suka ci ƙasar nan, babban abin da ya dame su shi ne sufuri, domin kome sai an ɗauka a ka. Hanyar jirgi da aka fara daga Ikko cikin 1896 ta isa Ibadan cikin 1901, amma tsakaninta da Arewa da sauran nisa. A zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, aka soma wata hanya dabam daga Baro, a bakin Kwara, inda jiragen ruwa ke iya sauke kaya. Tsawonta zuwa Kano mil 356, faɗin tsakanin ƙarafanta ƙafa 3 da inci 6. Dogo ya iso Zariya farkon 1911, ya kai Kano cikin wannan shekara. Aka haɗa ta da hanyar Ikko a Minna, cikin 1912 aka mai da su hukuma guda. Gadar Jabba kuwa sai 1916 aka gama ta. Kafin nan a jirgin ruwa a ke ƙetarar da taragu.

Kada mai karatu ya zaci aikin nan da sauƙi aka yi shi. Babu injin haƙa, sai diga da shebur da kwando. Razdan ya faɗa wa Sarki yawan mutanen da a ke so, Sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, a kwaso talakawa daga gonakinsu ko suna so ko ba su so. Wahalar ta kai har Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu ɗan Sidi, ya tsara waƙa a kanta, wadda aka sani da Waƙar Diga. An biya 'yan diga lada, da sulalla da kwabbai, wannan kuwa yana cikin abubuwan da suka baza kuɗin Turawa a ƙauyuka, wuri ya yi ta ja da baya, haraji ya koma da sule a ke biyansa.

Ba a daɗe ba Zariya ta zama mararraba. Turawan kuza na ƙasar Jos suna neman hanyar fid da kayansu, sai aka fid da wata 'yar siririyar hanya daga nan, faɗinta ƙafa 2 da inci 6. Ta kai Rahama cikin 1912, ta hau tudu ta isa Jos da Bukuru cikin 1914. Da hanyar gabas ta iso Jos ta Kafanchan cikin 1927, kuza ya koma bin can, 'yar hanyar ta yi ta rarrafe har aka rufe ta cikin 1957. Wani reshe kuma ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda cikin 1929.

Auduga Turawa suka sa rai jirgin zai kwasa, har kamfanin auduga na Ingila ya kafa injin gurza a Zariya. Amma manomi ya san lissafinsa. Tun 1912 mutanen ƙasar Kano suka ga gyaɗa ta fi biya, ga shi kuma in yunwa ta zo a kan ci ta, sai buhunan gyaɗa suka cika taragu. Auduga ta samu wurin zama a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Gusau.

To, sai mu koma kan maganar tasha. An gina ta arewa da birni, ƙetaren Kubanni. Kamfanoni suka kafa kantunansu da sito-sitonsu kusa da ita. Akawuna da masu gyaran inji da suka biyo dogo daga kudu aka yanka musu Sabon Gari. Baƙi 'yan Arewa aka ba su Tudun Wada, tsakanin tasha da Ƙofar Doka. Masu iya magana sun ce inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. Tashar da ta tayar da Sabon Gari, ita ce ta rage wa kasuwar birni da masu masaukin fatake. Sarauta da malanta suka zauna cikin ganuwa, ciniki da aikin albashi suka koma waje. Wannan rabo ya tsare wa birni al'adunsa da kamanninsa, amma ya sa 'ya'yansa da yawa suka makara wajen shiga sababbin sana'o'i.

Cikin 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Bayan samun mulkin kai motocin kaya suka yawaita, hanyoyi suka samu kwalta, gyaɗa ta ragu, jirgin ya yi ta rauni har ya zama ba a dogara da shi. Cikin 2016 aka buɗe sabuwar hanya mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna, cikin 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin miƙa ta zuwa Kano ta ƙasar Zazzau.

Abin lura a tarihin nan shi ne, a 1911 ba a shawarci mutanen birni kan inda za a sa tasha ba, su kuma ba su san abin da za ta jawo ba. Jikokinsu sun sani. Duk inda aka kafa tasha, nan kasuwa za ta bi, nan fili zai yi tsada, nan gari zai miƙe. Ya kamata masu gona a bakin sabuwar hanya su yi tunani kafin su sayar, shugabanni kuma su sa baki tun ana awo. Allah ya sa mu amfana.